Saki Uku a Cikin Waƙa

Tun hantsi gidan Iya Rakiya da ke Kiyawa ya cika da mata. Jiya Asabar aka ɗaura auren jikarta Ikilima da Abdussamad, yau kuma za a kai amarya gidanta a Takur, cikin Dutse. An riga an yi jere, tukwane na kan murhu, ita kuma Iya tana zaune a bakin ɗakin ajiya da mukulli ɗaure a haɓar zaninta. Ba mai ɗibar ko ludayin mai sai ta gani da idonta. Ita ta riƙe Ikilima tun rasuwar mahaifinta, kuma ta yi alkawari ba za a ce bikin marainiya ya gaza na kowa ba.

A ɗaki amarya na zaune tsakiyar ƙawayenta, lalle ya kama ya yi jawur, waya na hannunta. Ta sake danna saƙon muryar da ango ya turo mata jiya bayan ɗaurin aure. Muryar Abdussamad ta fito a hankali, yana rera wata waƙa da harshen da ba wanda ya sani a ɗakin.

Abdussamad mai haɗa sola ne, irin wadda ke tuƙa famfon burtsatse. Ya taɓa yin aiki da wani injiniya mutumin Kudancin Amurka, suna yawon ƙauyuka a mota ɗaya, kuma mutumin ba shi da abin ji sai wannan waƙa ta Sifaniyanci mai kukan jita da dukan ganga. Injiniyan ya koma ƙasarsu, waƙar ta zauna a bakin yaro. Duk sanda ya zo zance sai Ikilima ta ji yana gunguninta. Jiya da daɗi ya cika ta, ita da kanta ta ce masa, "Yaya, yau dai ka rera mini waƙar nan taka har ƙarshe." Ya rera.

"Amarya, kin ishe mu," in ji Karima, 'yar Baffa Gwadabe, wadda ke karatu a Kafin Hausa. "Tun jiya abu ɗaya kamar rediyon mai shayi. Me ma yake cewa?"

"Oho. So ne mana, me zai ce?"

"Kawo wayar. Yanzu zan samo mana fassara, mu ji irin daɗin bakin da ake zuba miki."

Ƙawaye suka matso suna dariya. Karima ta lalubo baitocin a intanet, ta sa waya ta juya su zuwa Hausa, ta gyara murya kamar mai karanta labaran duniya. Da ta kai tsakiya sai muryarta ta soma raguwa, amma bakinta ya riga ya ɗauko, bai tsaya ba.

"Ya ce... na buɗe hannuna, na sake ki. Ɗauki hanyarki, na sake ki. Kada ki waiwayo, na sake ki."

Wata maƙwabciya da ta shigo karɓar faranti ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga yatsu tana ƙirgawa, sannan ta juya ta fita ba tare da farantin ba.

Ikilima ta dube ta. "Karima, wasa kike yi."

"Wallahi ga shi nan a rubuce. Ni ma ban sani ba, Iki. Da na sani da na haɗiye."

Kafin ruwan tuwo ya tafasa magana ta isa zaure. Baffa Gwadabe, ƙanen mahaifin Ikilima kuma waliyyinta, ya shigo tsakar gida hula a karkace. Ba mugun mutum ba ne, amma mutum ne mai tsananin tsoron abin da zai tarar a kabari, kuma dama bai taɓa sakin jiki da surukin da ke jin kiɗan Nasara ba. Ya sa aka kunna masa saƙon, ya sa Karima ta sake karantawa.

"Bayan ɗaurin aure ya turo?"

"E, Baffa," in ji Ikilima daga durƙushe.

"Wayarki ya turo wa? Muryarsa ce?"

"E."

"Innalillahi. Har uku. Kuma saki ba a wasa da shi, ko da wasa aka faɗa ya faɗu." Ya juya wajen mata. "Ba inda za a kai yarinyar nan. Ni na bayar da ita, ba zan ɗauke ta da hannuna in kai ta zaman haram ba. A sauke tukwane."

"Wanda ya taɓa mini tukunya sai na karya hannunsa."

Iya ce ta yi magana, ba ta ko tashi daga kujerarta ba.

"Iya, maganar addini ce."

"Na ji. Kai ne limamin? Jiya da aka ɗaura, kai ka ɗaura ko Malam Abdulbaƙi? To wanda ya ƙulla shi zai ce ya kwance. Ka aika a gaya masa, ka kira yaron da manyansa. Shinkafar nan kuwa za ta dahu, in an kai amarya a ci, in ba a kai ba a ci."

Baffa ya sunkuyar da kai. "To, Iya. Amma ni dai abin da na sani, mafita ɗaya ce: sai in yaron bai san abin da bakinsa ke faɗa ba. In ya sani, shi ke nan. Ba ta komawa gare shi sai ta auri wani ta fito."

Wannan kalmar ce ta kayar da Ikilima. Ta auri wani. Ta dubi lallen hannunta, ta tuna gadonta da aka kafa a Takur, da labulen da ta zaɓa da kanta, da shekarun da Abdussamad ya yi yana zuwa a kan babur cikin rana da ruwa. Ta tuna kuma ita ce ta ce ya rera. Ta dafa bango. A tsakar gida mata sun kasu, wasu na cewa ai waƙa waƙa ce, wasu na cewa sun san wata a Haɗeja da aka raba da mijinta a kan abin da bai kai wannan ba. Kowace kalma tana shiga kunnenta.

Aka dawo da amsa cewa Malam zai saurare su bayan la'asar.

Da azahar ta yi, Ikilima ta zame ta bayan rumbu ta kira ango. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Iki, na ji. Muna hanya da Kawu. Ki daina kuka."

"Yaya, ka san ma'anarta?"

Ta ƙara manna wayar a kunnenta.

"Yaya, magana nake yi."

"Na sani. Injiniya ya fassara mini ita tun tuni, baiti baiti."

Ta toshe bakinta da mayafi don kada a ji ta. "To me ya sa? Me ya sa ka rera mini?"

"Kin ce in rera, ni kuma daɗi ya ɗebe ni. Wallahi ko a mafarki ban kawo wannan ba. Ni ba wannan nake ji a cikinta ba, Iki."

"Ka saurare ni. Baffa ya ce in ba ka sani ba, babu komai. Ka ce ba ka sani ba. Wa zai ƙaryata ka? Injiniyan yana can bayan teku. Filis, Yaya. Kalma ɗaya ce."

"In suka ba ni Alƙur'ani fa?"

"Ka yi kaffara daga baya. Ni zan taya ka azumin. Ka rufa mini asiri, kada su aura mini wani."

Ta ji numfashinsa a wayar, ta ji ƙarar mota. Daga nan ya ce, "Mun kusa," ya kashe.

Tana juyowa ta ga Iya tsaye da sandarta. Ba ta san tun yaushe take nan ba.

"Goge fuskarki," in ji Iya. "Na ji abin da kika roƙa."

"Iya, tsoro nake ji."

"Ni ma ina ji. Kina tsammani don ban yi kuka ba? Daurewa kawai nake yi. Amma ki buɗe kunnenki. In ya yi ƙaryar nan aka kai ki, ke kin san ƙarya ce. Kullum kika shimfiɗa tabarmar salla sai ki tambayi kanki ko da aure kike zaune. Kika haihu, ki dubi ɗan ki yi ta lissafi. Kuma ranar da ya dawo gida ya ce miki daga wajen aiki yake, da wane kunne za ki ji shi, ke da kika koya masa rantsuwa a kan ƙarya ranar farko?"

"To in ya faɗi gaskiya aka raba mu fa?"

"Sai mu yi kuka, mu kwaso kaya. Zafi ne, amma ana warkewa. Wancan kuwa ba ya warkewa. Wuce ki yi alwala."

Ikilima ta yi salla, ta rasa ma abin da za ta roƙa. In ta ce Allah ya sa ya yi ƙarya, kunya ta kama ta. In ta ce Allah ya sa ya faɗi gaskiya, sai tsoron rabuwa ya kama ta. Daga ƙarshe ta ce Allah ya zaɓa, ta kifa kai a kan tabarma.

Bayan la'asar maza suka zauna a zauren Malam Abdulbaƙi. Iya da Ikilima da Karima suka shiga ta cikin gida, matar Malam ta shimfiɗa musu tabarma a bayan ƙofar zauren, inda ake jin komai. Malam tsoho ne mai magana a hankali, ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Ya saurari Baffa har ya gama, sannan ya dubi ango.

"Abdussamad, muryarka ce?"

"Tawa ce, Allah ya gafarta Malam."

"Ka san abin da kalmomin suke nufi lokacin da ka rera?"

Kawun Abdussamad ya yi gyaran murya mai ƙarfi, irin ta mai son a gane. A bayan ƙofa Ikilima ta damƙe hannun Iya har farcenta ya shiga.

"Na sani, Malam."

Baffa ya miƙe tsaye. "To ai magana ta ƙare."

Ikilima ta sulale jikin Iya, idonta ya rufe, kunnenta na ƙara. Iya ta tallafe ta da hannu ɗaya.

"Zauna, Gwadabe," in ji Malam. "Ka kawo mini magana, ka bari in ji ta. Yaro, waƙar nan kai ka yi ta?"

"A'a, Malam. Wani mawaƙi ne na can ƙasarsu injiniya. Ya ma rasu."

"Ba ni labarinsa."

Abdussamad ya gyara zama. "Yadda injiniya ya gaya mini, mutumin yana da mata tun suna talakawa, tun yana kiɗa a gidajen abinci. Da ya fara suna sai yawo ya yi yawa, gida ya zama wurin saɓani. Wata rana cikin fushi ya ce mata ta tafi, ya sake ta, kada ta waiwayo. Ita kuwa ta ɗauki 'yarsu ta tafi, ba ta waiwayo ba. Shi ne ya zauna ya yi waƙar. Amshin, maganar da ya faɗa mata ce ranar. Sauran baitocin duk nadama ce. Akwai inda yake cewa har yanzu in ya dafa shayi kofi biyu yake zubawa, sai ya tuna."

"Ta dawo?"

"Ba ta dawo ba. Kuma waƙar ta fi duk waƙoƙinsa karɓuwa. Duk filin da ya je, dubban mutane ba sa barinsa ya sauka sai ya yi ta. Injiniya ya ce mutumin ya tsufa yana maimaita kalmar da ya fi nadama a rayuwarsa, ana tafa masa. Ranar da aka binne shi ma ita jama'a suka rera a titi. Yanzu yaran da ba su taɓa ganinsa ba suna koyon jita da ita."

"To kai me ya haɗa ka da ita?"

"Injiniyan ma ya rabu da tasa matar, Malam. Wata rana muna hanyar Jahun ya tsayar da mota ya kifa kai a sitiyari. Babban mutum da furfura. Ya ce mini in na yi aure in riƙa tuna waƙar nan duk ranar da raina ya ɓaci. Ni abin da nake ji a cikinta ke nan: kada in zama mutumin nan."

Malam ya shafa gemu. "Kunna mini ta ainihi."

Aka kunna. Jita ta yi wani ƙara, ganguna suka biyo, Baffa ya toshe kunne ɗaya yana istigfari. Malam ya saurara kaɗan, fuskarsa a yamutse kamar mai shan maɗaci, ya ɗaga hannu aka kashe.

"Wannan da ke ihu, shi ne mamacin?"

"Shi ne."

"Da wa yake magana?"

"Da matarsa."

"To matarsa ya saki." Malam ya juya wajen Baffa. "Gwadabe, kai da bakinka ɗazu ka maimaita mini kalmomin nan uku a zauren nan, kuma ka san ma'anarsu. Iyalinka sun saku?"

Baffa ya sosa ƙeya. "Ai ni labari nake bayarwa, Malam."

"Shi ma maganar wani ya ɗauko. Wanda ya maimaita zancen wani ba shi ne mai zancen ba, muddin bai mai da shi nasa ba. Amma tsoronka yana kan hanya, don wayarta ya tura wa, kuma matarsa ce a lokacin. Saboda haka sai na ji daga zuciyarsa." Ya miƙa hannu aka ɗauko Alƙur'ani. "Kana da alwala?"

"Ina da ita."

"Ka rantse cewa waƙar mutumin ka rera, ba ka nufi Ikilima da kalma ɗaya ta rabuwa ba, ko da wasa."

Abdussamad ya ɗora hannu ya rantse.

"Aure yana nan," in ji Malam. "Kuma bari in gaya muku. Da ya ce mini bai san ma'anarta ba, da na ƙi sakin jiki da rantsuwarsa, don wanda ya haddace waƙa haka har da inda ake jan numfashi, da wuya a ce bai taɓa tambaya ba. Ya faɗi wadda za ta iya kashe shi, shi ya sa na karɓi wadda za ta cece shi. Amma kai yaro, ka yi wauta. Duk kalmomin duniya ka rasa na aika wa amarya ranar aurenta sai na mutumin da ya rusa gidansa? Mutumin ya mutu a wata uwa duniya, ga maganarsa ta zo Kiyawa ta hana tsohuwa cin abinci. Ka kiyayi abin da kake ɗauka a bakinka."

"Na tuba, Malam."

A bayan ƙofa Ikilima na kuka, amma ba irin na ɗazu ba. Karima ta rungume ta tana cewa, "Sori, Iki, sori, na rantse na daina fassara." Iya ta dogara sandarta ta miƙe, ta leƙa zauren.

"Malam, Allah ya ƙara girma. Gwadabe, sai ka je ka nemo motoci, rana na faɗuwa."

Baffa ya tashi jiki a sanyaye. Da ya zo wucewa ta gaban ango sai ya tsaya, ya dafa kafaɗarsa. "Na so in raba ku, kuma da Malam ya ce an saku da na raba. Amma yau na san wa na ba wa 'yar ɗan'uwana."

Kafin magariba aka fito da amarya. Shinkafa ta dahu, kowa ya ci, har waɗanda suka ce sun san wata a Haɗeja. Da aka kawo Ikilima gaban Iya don sallama, ta durƙusa ta riƙe ƙafarta.

"Iya, na roƙe shi ya yi ƙarya."

"Na sani. Ki nemi gafararsa yau kafin ki kwance mayafinki. Ya ƙi jin maganarki a ranar da ya fi son ya faranta miki, ki riƙe masa wannan. Tashi, kada ki ɓata kwalliyar, kuɗi aka biya."

Ta nema, ya yafe. Suna nan a Takur har yau da 'ya'yansu, suna saɓawa kamar kowa, suna shiryawa. Ikilima ta ce duk ranar da ransa ya ɓaci sosai ba ya cewa uffan, fita yake yi bakin ƙofa ya tsaya, sai ta jiyo shi yana gungunin kiɗan nan can ƙasa-ƙasa, ba tare da kalma ko ɗaya ba. In ya gama ya shigo ya ce a zubo abinci.

Ku yaran yanzu da kuke kwana da waya a kunne, ga abin da za ku ɗauka. Kada bakinku ya ɗauki abin da ba ku auna ba, don magana tana daɗewa fiye da mai ita. Wancan mawaƙi ya tara suna ya tara dukiya, amma abin da ya rage yana yawo da sunansa shi ne kalmar da ya faɗa cikin fushin rana ɗaya. Kuma in tsoro ya matse ku, kada ku nemi hanya ta ƙarya, ku yi haƙuri ku tsaya a gaban masu ilimi. Ikilima ta shiga ɗakinta da zuciya wankakkiya saboda mijinta ya faɗi gaskiya a lokacin da gaskiyar take shirin raba shi da ita.